Bilbo, Bakin Doki da Toledo: Wa Ya Raɗa wa Takubban Dawakin Sifaniya Suna?

Akwai wani takobi da sojan dokin Sifaniya suka rataya kusan tsawon ƙarni na 18 gaba ɗayansa. Miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, ruwansa ya kai santimita 90 ko ya ɗan ɗara, kuma a gindin ƙotarsa akwai wasu faranta biyu na baƙin ƙarfe masu lanƙwasa, ɗaya ya fi ɗaya girma, waɗanda ke kare hannun mahayi daga sara. In wannan takobi ya fito a gidan gwanjo a Landan ko a Amurka, "bilbo" za ka ga an rubuta masa. In a Madrid ya fito, "boca de caballo" za a ce, wato bakin doki. In kuwa littattafan masana makaman soja ka buɗe, "modelo 1728" za ka tarar. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan daga bakin da ya fito daban ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Duk mai son tara irin waɗannan takubba, ko mai son sanin yadda aka yi aiki da su, abin da ya kamata ya fara koya shi ne rarrabe bakunan: abin da sarki ya rubuta a takardar doka, abin da maƙeri ya buga a jikin ƙarfe, abin da soja ya kira makaminsa a bariki, da abin da dillali ya laƙaba masa a kasuwa. Na dillali ya fi kowanne amo, shi ne kuma ya fi buƙatar a bincika shi.

Bilbo kalmar Ingilishi ce, ta samo asali daga Bilbao, tashar jiragen ruwa ta ƙasar Baskawa a arewacin Sifaniya. Yankin yana da arzikin tama tun zamanin da. Ma'adinan Somorrostro sun ciyar da maƙerun Turai da dama, ƙarfen Mondragón kuwa shi maƙeran Toledo ke nema ido rufe. Tun a ƙarni na 16 mutanen Ingila ke kiran takobi mai kyau da ya zo musu ta wannan tasha bilbo, har Shakespeare ya sa kalmar a wasansa The Merry Wives of Windsor. Mari ma, irin na ƙarfe da ake ɗaure ƙafafun fursunoni da shi a cikin jirgin ruwa, da wannan suna suka san shi. To a wancan lokacin kalmar ba ta nufin wata siffar ƙota na musamman, nagartar ƙarfe da hanyar da ya biyo kawai take nunawa. Mu ma mun san irin wannan: jar fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta ratsa Sahara, ta fita ta tashoshin Arewacin Afirka, sai Turawa suka ce mata fatar Maroko, sunan majemin Kano da na Sakkwato ya ɓace a hanya. Daga baya ne masu tara makamai a Ingila da Amurka suka ɗauko tsohuwar kalmar suka manna wa takobin nan mai faranta biyu. Sojan da ya hau doki da shi a zamanin Sarki Carlos na Uku ba da wannan suna ya san shi ba. Ba laifi ba ne a yi amfani da kalmar don a fahimci juna a kasuwa, amma wanda ya ce maka takobi bilbo ne don haka a Bilbao aka ƙera shi, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai.

Boca de caballo ya fi kusa da gida, domin daga bakin Sifaniyawa ya fito kuma siffa yake bayyanawa. Bayanin da aka fi yi shi ne, in ka dubi farantan biyu ta gefe, sun yi kama da bakin doki a buɗe. Su farantan kansu "conchas" ake ce musu, sunan ɓawon nan na halittun teku. Wannan ya bambanta su da tsohuwar ƙotar da Sifaniya ta yi suna da ita a ƙarni na 17, wadda ke da ƙoƙo guda cif mai rufe hannu, ana kiransa "taza" ko "cazoleta", kofi ko ɗan kasko ke nan.

Sai "modelo 1728", wanda nake ganin ya fi yaudarar sabon shiga, saboda lamba tana sa mutum ya ji kamar magana ta ƙare. Modelo dai samfuri ne. Shekarar kuwa daga dokar soja ta fito, wadda aka kafa a 1728 a zamanin Sarki Felipe na Biyar, inda aka tsara makaman da mahaya za su riƙe. Siffar takobin ta riga dokar, kuma an ci gaba da ƙera shi har ƙarshen ƙarnin, shekaru da yawa bayan Felipe ya mutu a 1746. Shi ya sa za ka ga takobi na wannan samfuri ɗauke da sunan Carlos na Uku, wanda ya yi mulki daga 1759 zuwa 1788, ko na Carlos na Huɗu da ya gaje shi. A nan ne ake yawan tuntuɓe. Shekarar da aka zana a jikin ruwan takobi shekarar ƙira ce, ba sunan samfuri ba ne. Sai ka ga dillali ya karanta lambar da ke jikin ƙarfe ya mayar da ita "modelo", ya ƙirƙiro samfurin da rundunar Sifaniya ba ta taɓa saninsa ba, sannan ya ce ai ba a cika samunsa ba, ya ɗaga farashi. Akwai kuma wani abin lura: rundunar da kanta takan cire tsohon ruwa mai kyau ta sa masa sabuwar ƙota, domin ƙarfe mai nagarta ba abin yarwa ba ne. Irin wannan haɗi na cikin bariki tarihi ne a kan kansa. Wanda ba tarihi ba shi ne haɗin da wani ya yi jiya a bayan shago, ya aurar da ruwan wani takobi ga ƙotar wani.

Babu sunan da ya kai Toledo nauyi a wannan fage, kuma babu wanda aka yi wa ƙarya kamarsa. Birnin yana kan wani tudu da kogin Tajo ya kusa zagayewa, Larabawan Andalus suna kiransa Ɗulaiɗula. A ƙarni na 16 da na 17 maƙeransa sun yi zarra a Turai, sunaye irin su Tomás de Ayala da gidan Sahagún suka zama shaidar nagarta. Suna da dabarar ƙira da suke sa ƙarfe mai taushi a tsakiya, su lulluɓe shi da ƙarfe mai tauri ta ɓangarorin biyu, su dunƙule su a wuta. Na tsakiyar suna kiransa "alma", wato rai ko ruhi, shi ke hana takobi karyewa, na wajen kuma shi ke riƙe kaifi. Mutanen gari sukan ce sirrin yana cikin ruwan Tajo da yashinsa, amma gwanintar hannu da sanin launin wuta su ne ainihin abin.

Suna in ya yi tsada sai a sami masu aro. Maƙeran Solingen na Jamus sun ƙera ruwan takubba ba adadi suka buga musu sunan Toledo da na Ayala da na Sahagún, wani lokaci ma da kuskuren rubutu, domin mai bugawar ba ya jin Sifaniyanci. Ƙarfen nasu ba na banza ba ne, sau da yawa ma ya kai na Toledo, amma kasuwa sunan take saye. Hatta tambarin ɗan karen nan da Sifaniyawa ke kira "perrillo", wanda ake jingina wa wani maƙeri Julián del Rey kuma Cervantes ya ambata a Don Quijote, masana sun daɗe suna muhawara kan dangantakarsa da tambarin kyarkeci mai gudu na garuruwan Passau da Solingen. Zuwa farkon ƙarni na 18 sana'ar ta kusa mutuwa a Toledo kanta, har takubban sojan sarki da yawa ruwansu daga Jamus yake zuwa. Wannan ne ya sa Carlos na Uku ya kafa masana'antar takubba ta gwamnati a birnin a 1761, aka ɗauko wani tsohon gwani daga Valencia mai suna Luis Calisto ya tayar da aikin. Daga baya mai zanen gine-gine Francesco Sabatini ya gina mata mazauni a bakin kogi, aka kammala wajen 1780, kuma rundunar igwa ce ta riƙa kula da ita. Shi ya sa a takubban ƙarni na 19 za ka ga kalmar "Artillería" kusa da "Fábrica de Toledo". Wannan ba ya nufin takobin na sojan igwa ne, masu kula da masana'antar kawai yake nunawa, kuma masu saye da yawa sun ruɗe a kan haka. An rufe masana'antar a 1996, gine-ginenta yanzu harabar Jami'ar Castilla-La Mancha ce.

Saboda haka kalmar Toledo a jikin ƙarfe tana iya nufin abu huɗu da ba su haɗa hanya ba: aikin tsofaffin maƙeran birnin, aikin Bajamushen da ya ari sunansu, aikin masana'antar sarki bayan 1761, ko takobin ado irin wanda shagunan birnin ke sayar wa 'yan yawon buɗe ido har gobe. Na ƙarshen nan Toledo ne na gaskiya ta fuskar wurin ƙira, amma bai taɓa ganin bariki ba.

Akwai kuma wani rubutu da ake yawan gani a ruwan takubban mahaya na ƙarni na 18, rabi a wannan fuska rabi a waccan, inda takobin ke gargaɗin mai shi kada ya zare shi ba dalili, kada kuma ya mayar da shi kube ba tare da mutunci ba. Masu tarawa suna ce masa taken Sifaniya. Maganar tana da kyau ƙwarai, kuma na fahimci dalilin da ya sa take shiga ran masu saye. Sai dai ita ma Solingen ta buga ta a kan dubban ruwan takubba don kasuwar Sifaniya da ƙasashen da take mulka a nahiyar Amurka. A nan ne labarin ya taɓo mu. Lokacin da matafiyin nan Bature Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba masu ɗimbin yawa ta hamada, akasarinsu ƙirar Solingen, a Kano ake sa musu ƙota da kube sannan su bazu. Maƙeran da suka ari sunan Toledo su ne suka cika kasuwar Kurmi da ƙarfe, kuma masu nazarin takubban Buzaye sun ci karo da ruwan Turai masu irin waɗannan tambura da rubuce-rubuce a cikinsu.

Yanzu mu zo ga kalmomi biyu da Sifaniyawa ba sa gauraya su, ko da yake baƙi suna yi: "espada" da "sable". Espada tsohuwar kalma ce, daga "spatha" ta Latin, dogon takobin da mahayan Rum suka riƙe. A harshen soja tana nufin miƙaƙƙen takobi wanda ƙarfinsa yake ga suka. Sable kuwa baƙuwa ce, ta shigo ta Faransanci, asalinta kuma daga gabashin Turai, wajen Hungari da Folan, tare da mahayan da suka kawo ta. Takobi ne mai lanƙwasa, kaifi ɗaya, na sara a guje. Rabon ba na ado ba ne, domin ya bi rabon rundunar kanta. "Caballería de línea", manyan dawakai masu afka wa abokan gaba a sahu, su ke riƙe espada. "Caballería ligera", masu saurin kai-komo da leƙen asiri da bin waɗanda suka juya baya, su ke riƙe sable. A cikin waɗannan akwai "húsares", suna daga Hungari, da "cazadores", wato mafarauta. "Lanceros" masu mashi ne, "coraceros" masu sulken ƙirji, "dragones" kuwa tun asali sojan ƙasa ne da ke hawa doki zuwa fagen fama su sauka su yi harbi. Haruffan da aka taƙaita a jikin ƙarfe sau da yawa suna gaya maka wanne daga cikinsu aka yi wa takobin, in har ka san kalmomin.

Bayan yaƙin da Sifaniya ta yi da sojan Napoleon daga 1808 zuwa 1814, bakin doki ya kau, salon Faransa ya shigo da ƙotar tagulla mai sanduna. Samfuran 1815 da 1832 duk suna ɗauke da wannan kama. Na 1860 kuma, mai ƙotar baƙin ƙarfe, sojoji da masana suna ce masa "prusiano", wato Bafurushe. A Toledo aka ƙera shi, salon ne kawai aka kwaikwayo daga Furushiya. Wanda bai sani ba sai ya zaci ganima ce ko kayan da aka sayo daga Jamus.

Wanda ake yawan gani a hannun masu tarawa a yau shi ne Puerto Seguro. Ma'anar kalmomin ita ce amintacciyar tashar jirgi, shi ya sa wasu ke ɗauka sunan garin da aka ƙera shi ne. Sarauta ce. Hafsan sojan dokin da ya tsara takobin, Luis de Carvajal y Melgarejo, shi ne ke riƙe da sarautar Marqués de Puerto Seguro. Ana rubuta samfurin "1907-18" domin an fara gwada shi a 1907, sai a 1918 aka tabbatar da shi a matsayin na doka ga dukan mahaya. Sunansa na hukuma kuwa "espada-sable", kalmomin nan biyu da muka ce ba a gauraya su an ɗaure su wuri guda. Ba ruɗewa ba ce, gaskiyar abin ke nan: ruwansa miƙaƙƙe ne na suka kamar espada, kaifinsa ɗaya ne kamar sable, ga babban kwano na ƙarfe mai rufe hannu. Sunan ya adana wata doguwar gardama da rundunonin Turai suka yi fiye da shekara ɗari kan ko suka ta fi sara amfani ga mahayi. A farkon ƙarni na 20 masu goyon bayan suka suka yi rinjaye kusan ko'ina: Ingila ta fito da nata a 1908, Amurka a 1913, duk miƙaƙƙu. Rinjayen ya zo ne daidai lokacin da bindiga mai sarrafa kanta ta gama da hawan doki a fagen yaƙi.

Kalmomi biyu kuma da ke raba farashi su ne "tropa" da "oficial". Na tropa na ƙananan sojoji ne, mallakar gwamnati, mai nauyi, ba ado, sau da yawa da lambar rumbu a jikinsa da kubensa. In lambobin biyu sun dace, takobin da kuben tare suka taso. Na oficial hafsa ne ke saye da kuɗinsa, ya fi sauƙin nauyi, ya fi zane. Haka nan "de montar" na hawa ne, "de ceñir" kuwa na ɗamara ne, wanda ake ratayawa a ƙasa wajen biki da fareti. A ganina na tropa ya fi faɗin gaskiyar aikin, ko da yake na hafsa ya fi ɗaukar ido.

Abin da ya fi jan hankalina a cikin wannan bincike shi ne kalmomin da ke ƙarƙashin duk waɗannan, waɗanda suka girmi kowane samfuri. Mahayin doki a Sifaniyanci "jinete" ne. Kalmar daga Zanata ta fito, ƙabilar Barbar ta Arewacin Afirka wadda baradenta suka riƙa ƙetarawa tun ƙarni na 13 suna yi wa sarakunan Garnaɗa yaƙi. Suna hawa da gajeruwar likkafa, gwiwa a lanƙwashe, doki mara nauyi, su kai hari su janye su sake dawowa. Kiristocin Sifaniya, waɗanda suka saba da doguwar likkafa da sulke mai nauyi, sun sha wuya a hannunsu har suka koyi salon. Suka kira shi hawa "a la jineta", nasu na da kuma "a la brida", wato na linzami. Takobin waɗannan barade shi ma "jineta" aka ce masa, miƙaƙƙe mai kaifi biyu da ƙota mai ado. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake jingina wa Abu Abdullahi Muhammadu, sarkin Garnaɗa na ƙarshe, wanda Sifaniyawa ke kira Boabdil, da aka kama a yaƙin Lucena a 1483. Yana gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar fadar Alcázar ta Toledo, inda aka mayar da gidan tarihin a 2010.

Ba ita kaɗai ba ce. "Alférez", ƙaramin hafsa wanda a da shi ke riƙe tuta, daga "al-faris" ne, mahayi. "Adarga", garkuwar fata, daga "ad-daraƙa". "Alfanje", wani gajeren takobi mai lanƙwasa, daga "al-khanjar". Sai "tahalí", wato hamilar da ake rataya takobi da ita, wadda labarinta ya fi duka daɗi. Asalinta "tahlil" ne, faɗin kalmar shahada. Mayaƙan Andalus sukan rubuta ta su sa a ɗan gidan fata su rataya kamar laya, sunan ya koma kan gidan fatar, daga nan ya koma kan igiyar da ke riƙe shi, daga bisani ya zama sunan hamilar takobi. Hafsan Sifaniya na yau yana furta kalmar ba tare da ya san abin da ke cikinta ba.

Wannan ne ya sa ba na iya kallon Puerto Seguro a matsayin kayan ado kawai. Fagen da aka fi tunawa da shi shi ne tsaunukan Rif na arewacin Maroko. A watan Yulin 1921 mayaƙan Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Khaɗɗabi suka tarwatsa rundunar Sifaniya a Annual, dubban sojoji suka mutu. Rundunar dawaki ta Alcántara, ƙarƙashin Fernando Primo de Rivera, ta yi ta kai hari da takobi a busasshen kogin Igan ranar 23 ga watan don ta ba masu janyewa hanya, har mafi yawan mutanenta suka halaka. Sai a 2012 gwamnatin Sifaniya ta ba rundunar babbar lambar yabo ta Laureada. Jarumtakar mahayan gaskiya ce, ba mai musunta. Gaskiya ce kuma cewa waɗanda suka afka wa mutane ne masu kare ƙasarsu daga mamaya, kuma harshen Rifawa yana cikin dangin harsunan Zanata, mutanen da suka ba Sifaniyanci kalmar mahayi tun farko. Wanda ya rataya wannan takobi a bangon ɗakinsa ya kamata ya san ɓangarorin biyu.

A ƙetaren teku ma akwai suna ɗaya da ya yi tafiya. Dokar Sifaniya ta 1772 da ta tsara sansanonin kan iyakar arewacin Meksiko ta lissafa wa mahayan nan masu rigar fata, "soldados de cuera", mashi da adarga da bindiga da "espada ancha", wato takobi mai faɗi. Masu tarawa a yau suna kiran wani gajeren takobi na maƙeran ƙauyen Meksiko da wannan suna, alhali wasu masu bincike suna ganin dokar takobin mahaya na sosai take nufi, shi kuwa gajeren ya fi kusa da adda wajen aiki. Ƙarin misali kan yadda suna ke tuƙa kuɗi shi ne Tizona, takobin da ake jingina wa El Cid, jarumin Sifaniya na zamanin da. A 2007 an saye shi Yuro miliyan 1.6 aka kai gidan tarihin Burgos, duk da cewa masana da dama sun yi shakkar jinginar. Hausawa sun ce suna linzami ne, a wannan kasuwa kuwa aljihu yake ja.

Sunayen sassan takobi su ne mai son yin aiki da shi ya fi buƙata. Ruwa "hoja" ne, ganye. Sandunan da suka gitta a gindin ƙota "gavilanes" ne, sunan wani ɗan shaho. Dunƙulen ƙarshen ƙota "pomo", kube kuwa "vaina", kalmar da ke nufin kwanson wake ma. Kwarin da ke bin tsawon ruwa "vaceo" ne, kuma ba hanyar jini ba ce kamar yadda ake yaɗawa, rage nauyi yake yi ba tare da ya raunana ƙarfen ba. Igiyar da mahayi ke ɗaurawa a wuyan hannu don kada takobi ya suɓuce masa "fiador" ce, kalmar da ake kiran mai tsaya wa wani lamuni da ita. Amma wadda ta fi muhimmanci ita ce "espiga", zangarniya, wato wutsiyar ƙarfen da ta shige cikin ƙota. Ido ba ya ganinta, kuma a can tsatsa ke cin ƙarfe shekara da shekaru ba a sani ba.

Saboda wannan zangarniya nake adawa da sara da takobin ƙarni na 18. Itacen ƙota ya bushe ya tsuke, wayar da aka naɗe shi da ita ta saki, in wutsiya ta karye a tsakiyar sara ruwan takobi zai tashi ne ya nufi duk wanda ke kusa. Ban da haɗarin rai, abin da ya tsira shekara 250 ba ya da madadi. Masu farfaɗo da wasan takobi na gargajiya suna da hujja idan suka ce ba za ka fahimci littattafan da ba sai ka ji nauyin makamin a hannunka. Sifaniya tana da dogon tarihi a wannan ilimi, tun daga "destreza" ta Jerónimo de Carranza da Luis Pacheco de Narváez har littattafan sable na ƙarni na 19. To a riƙe na asali, a auna shi, a ji inda nauyinsa ya tsaya, a motsa shi a hankali a iska, sannan a sa maƙerin zamani ya yi kwafi don sara da karawa. Kada kuma a wasa shi. Takubban bariki da yawa ba a wasa su sai an tashi fita yaƙi, kuben ƙarfe kuma yana dakusar da kaifi, don haka dakushewa ba aibu ba ce. Injin washi yana cinye haruffa da tambura cikin minti kaɗan, su ne kuwa kaɗai shaidar da takobin ke da ita. Tsumma mai laushi da ɗan mai ko kakin adana ƙarfe sun isa. Mai saye daga Sifaniya kuma ya sani cewa dokar kayan tarihi ta 1985 ta wajabta neman izini kafin a fitar da abin da ya haura shekara 100 daga ƙasar.

Mai karatu, in akwai tsohon takobi na gado a gidanku, a Kano ne ko Katsina ko Damagaram ko Agadas, kuma ka ga baƙin rubutu ko tambarin wata ko na dabba a jikin ruwansa, kada ka bari a goge shi da yashi don ya yi ƙyalli ranar hawan sallah. Kwafi haruffan yadda suke, ka ɗauki hotonsu ta fuska biyu, ka tambayi dattawan gidan sunan da suke kiran takobin da shi da wanda ya fara rataya shi, ka rubuta ka ajiye tare da kuben.